Abin da na gani a Tudun Waliyyi

Da sunan Allah nake farawa, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Wannan takarda daga mahaifiyarka ce zuwa ga Autana. Ina gaishe ka gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa ta same ka lafiya, ya tsare fitarka da shigarka, ya kai ka inda za a kai ka, ya komo da kai a kan ƙafafunka.

Bayan haka, wanka ya dawo daga Hadeja ya gaya mini ka shiga aikin soja. Ya ce za ku hau jirgin ƙasa a Malam Madori a kai ku barikin Kano, daga can kuma ba wanda ya san inda Nasara za su tura ku. Ban rubuto don in hana ka ba. Ka riga ka dangwala yatsa, kuma ka wuce lokacin da ake riƙe wa yaro riga. Labarin gida ma ba zan cika ka da shi ba, kowa lafiya. Na ɗauko tawada da alƙalamin da kakanka ya koya mini riƙewa ne saboda abu guda: tun da babanku ya rasu, ni kaɗai ce a gidan nan na taɓa ganin yaƙi. Ƙaramin yaƙi ne, maroƙa ma ba su sa shi a waƙa ba, amma an mutu a cikinsa. Da baki ba zan iya gaya maka ba, takarda kuwa ba ta jin kunya.

Ka san Tudun Waliyyi, inda mata ke zuwa ziyara da rani, inda akwai hubbaren wani bawan Allah da ya zo daga Barno tun kafin a haifi kakanninmu. Kai ka san shi wurin shan inuwa. Ni na zauna a cikinsa an kewaye mu, tun ruwan fadama yana cike har ya janye.

Ga yadda abin ya faro. A lokacin Nasara sun ci Kano, amma ƙafarsu ba ta zauna sosai a ƙasarmu ba. Sarkin garinmu ya rasu, sai ƙanensa da muke kira Bulama ya ɗaura rawani, ɗan marigayin kuma, Yerima, ya ce gadonsa ne aka ƙwace. Gari ya rabu biyu, ƙauyukan fadama suka rabu tare da shi. Aka ƙona rumbuna, aka kashe mutane a bakin kasuwa, maƙwabci ya daina amsa sallamar maƙwabci. Babanku a gidan su Yerima ya tashi, don haka can ya bi. Kawunka Bukar, wana uwa ɗaya uba ɗaya, matarsa daga gidan Bulama take, shi kuma ya bi can. Ba wanda ya zauna ya auna wa ke da gaskiya. Kowa inda tuwonsa ke fitowa ya nufa.

Da aka fi ƙarfin mutanen Yerima a cikin gari, sai suka yanke shawarar tsallakewa zuwa tudun, saboda damina ta yi kyau, ruwa ya kewaye shi ta ko'ina. Ina goye da yarku ta fari, wadda ba ku sani ba, tana rarrafe. Babanku ya shigo yana ɗaure kwarinsa, ya ce, “Ki ɗauki yarinyar nan ki tafi gidan Bukar. Ba za a taɓa mace a gidan wanta ba.”

Na ce, “Malam, ina ne ya fi kabarin waliyyi aminci? Wane Musulmi ne zai ɗaga makami a can? Bulama da kansa a can aka yi masa addu'ar rawani.”

Ya ce, “Ni dai na faɗa miki.”

Na riga shi shiga kwalekwale.

Wannan shi ne lissafina na farko da ya karye. Na ɗauka tsarkin wuri yana tsare wanda ya fake a cikinsa. Mai kula da hubbaren wani tsoho ne da ake kira Goni. Ya tarye mu a bakin ruwa yana dogara sanda, ya dubi masu da baka da ake saukewa, ya ce wa Yerima, “Wanda ke kwance a nan bai gayyace ku ba. Ni ba na korar baƙo, amma ku bar makamanku a cikin jirage.”

Yerima ya durƙusa ya gaishe shi da ladabi, ya ce, “Allah gafarta Malam, kwana kaɗan ne.” Ya miƙe ya sa aka ci gaba da sauke kayan.

Kafin mako ya zagayo an sare itatuwan da masu ziyara ke zama a ƙarƙashinsu an yi shinge, an huda bangon masallaci don maharba. Daga baya muka ji malaman Bulama sun ba shi fatawa cewa waɗanda suka mai da kabari sansani su suka cire masa alfarma, ba wanda ya zo fitar da su ba. Har yau ban iya cewa ƙarya suka yi ba. To Auta, duk inda ka ga an shiga masallaci ko wani wurin ibada da makami, kada ka ce an tsira. Mutanen da ke girmama wurin nan za su sami malamin da zai halatta musu shiga, kuma za su shiga suna kabbara.

Mutanen Bulama ba su auko mana ba. Tattara jiragen ƙauyuka suka yi, suka kafa bukkoki a kan kowane tudu da ke fuskantarmu, suka zauna. Sun san ruwa ba ya dawwama. Muna ganin hayaƙin girkinsu, suna ganin namu. Ladaninmu ya kira salla, nasu ya kira. Da namu ya kwanta da zazzaɓi, da kiran sallarsu muka riƙa yin salla, ba wanda ya ga abin mamaki a ciki.

Da farko abinci ya wadata. An zo da shinkafa da gero, ga kifi a ƙofa. Kullum fadawan Yerima na cewa gudummawa na tafe daga gabas, dangin uwarsa sun taso da dawaki, kafin wata ya mutu za mu koma gida. Na yarda. Ni aka ba tukunyar ɓangarenmu saboda an san hannuna a girki, na riƙa dafawa kamar ana biki, har da ƙari ga mai son ƙari. Wata tsohuwa ta ce mini, “'Yar nan, rage hannu.” Na ce, “Iya, me za mu ajiye wa? Jibi muna gida.” Wata ya mutu, wani ya tsaya, ba doki ba mahayi. Muka ci irin shinkafar da maza suka ɓoye don shukar baɗi. Muka koma tsinkar bado a bakin shinge. Masu sanya gura, tarkon kifi, suka daina fita saboda kibiya, sai ɗan kifin da aka kama da hannu. Ruwan da muke sha shi ne wanda mutane da dabbobi ke ɓatawa, kullum yana raguwa yana ƙara kauri.

Duk wanda ya gaya maka ranar da yaƙi zai ƙare, ko Bature ne mai tauraro a kafaɗa, bai sani ba. Wani faɗa yake don kada ku watse, wani kuma shi ma an gaya masa ne. Abin da aka ba ka na ci da na sha, ka riƙe shi kamar ba za a ƙara ba. Ka kula da ruwan da kake sha fiye da yadda kake kula da abokin gaba. A tudun nan ciwon ciki ya kashe mutane fiye da kibiya.

Nonona ya fara ƙafewa. Yarinyar ta daina rarrafe, sai kwanciya. Ana haka, wata rana da hantsi, sai aka ga mutum ɗaya ya taso daga sansaninsu da ƙafa, ruwa iya ƙirjinsa, ya ɗaura farin ƙyalle a sanda, da ƙwarya a kansa. Maharba suka ɗana, Goni ya ce a bar shi. Ya tsaya nesa kaɗan da shinge ya ɗaga murya.

“Falmata! Ku kira mini Falmata!”

Kawunka Bukar ne. Na fito da goyo, mata suka biyo ni, maza suka hau shinge suna kallo.

Ya ce, “Na roƙi Bulama, ya yarda mata da yara su fito, ba mai taɓa su. Ga garin gero na kawo wa yarinya. Miƙo mini ita in ɗora a wuya, ke ki riƙe rigata. Ruwan bai kai yadda kike tsammani ba.”

Na dubi babanku. Ya sunkuyar da kai, ya ce a hankali, “Je ki.”

Amma na ji idanun mata a bayana. Matar Yerima na tsaye, da matan manyan fadawa, waɗanda ni matar manomi ban taɓa zama tabarma ɗaya da su ba sai a tudun nan. Na san in na fita ni ce ta farko, kuma za a faɗa. Sai na ɗaga murya yadda kowa zai ji, na ce, “Ni ba ni da wa a wancan tsallaken. Koma wa ubangidanka da gerensa.”

Ya ce, “Falmata, ba don ke ba, don yarinyar.”

Na ce, “Ubanta na nan.”

Mata suka rangaɗa guɗa. Ina gaya maka gaskiya, daɗin guɗar nan ya ratsa ni har ƙafa. Bukar ya daɗe a tsaye. Sannan ya ɗora ƙwaryar a kan ruwa ya turo ta wajenmu, ya juya. Wani bafade ya sa mashi ya kifar da ita, aka yi dariya. Ba macen da ta fita ranar, domin bayan abin da na faɗa ba wadda za ta iya.

Ba a daɗe ba zawo ya kama yarinyar, ta rasu a cinyata da azahar. Ba sauran busasshiyar ƙasa a wajen shinge, sai babanku ya haƙa mata a gindin bangon masallaci ta gabas, Goni ya yi mata salla. Ban ce da na fita da ta rayu ba, wannan sanin Allah ne. Abin da na sani shi ne ba don Yerima na ƙi fita ba, ba kuma don Allah ba. Don kada a ce na ji tsoro ne. Matan da suka yi mini guɗa sun zo sun yi mini gaisuwa, kowace ta koma bukkarta.

Kai mai son a yaba maka ne, Auta, tun kana ƙarami, kuma a wajena ka gado. A bariki za ka sami masu zuga. Za a ce wa zai fara tashi, wa zai fara tsallakawa, idanu su juyo kanka. Abin da aka umarce ka, wannan aikinka ne, ban san shi ba, ba zan koya maka ba. Amma abin da ba a sa ka ba, kada ka yi shi don a tafa maka. Kafin ka buɗe baki a gaban taro, ka tambayi kanka ko za ka faɗi haka in ba mai ji.

Bayan an yi addu'ar uku, babanku ya same ni a bayan hubbare ya ce, “Ruwa ya sauka zuwa ƙugu. Masu fita suna fita, ba a kashe su. Mu tafi.”

Na ce, “Yanzu? Bayan mun binne 'ya a nan? In muka fita, a kan me ta mutu?”

Ya zauna. Shi mutum ne da ba ya ja da magana, ka san shi. Na riƙe mu a wurin saboda abin da muka riga muka rasa, kamar zaman zai biya mu. Wannan ma ka riƙe: abin da ya tafi ya tafi, ba ya zama dalilin ƙara wani a kansa. In ka ga hanya ta ɓaci, kada ka ce na yi nisa. Dubi abin da ya rage a hannunka, shi za ka tsare.

Da ruwa ya koma iya gwiwa, wata safiya muka tashi ba Yerima, ba matarsa, ba manyan fadawa, ba kuma jirgin da ya rage mana. Aka ce ya tafi nemo gudummawa. Ba wanda ya yi gardama, ba kuma wanda ya yarda. Waɗanda suka rage manoma ne da masunta, ba su san ma wa za su miƙa wuya a madadinsa ba. Goni ya ce zai fita ya yi magana da Bulama, samari suka tare shi suka ce in ya fita an ci amanarsu.

Ranar da mutanen Bulama suka zo, da rana tsaka suka zo, a ƙafa, ta kowane gefe, suna cire ƙafa daga laka da ƙyar. Suna da 'yan bindigogin toka, ƙararsu ta fi ɓarnarsu. Goni ya tattara mu mata da yara ya shigar da mu cikin hubbaren, muka matsu a jikin kabarin, shi kuma ya zauna a bakin ƙofa ya miƙe ƙafa ya tare ta, yana karatu. Ban ga faɗan ba, jinsa na yi. Bai daɗe ba. Sai hayaƙi ya fara shigowa, an cinna wa rufin masallaci wuta don a fito da maharba. Hubbaren soro ne, bai kama ba. Mutane suka iso ƙofa da takubba, jikinsu duk laka, suka ga tsohon, suka tsaya. Ɗayansu na san shi, mai sayar da gishiri ne a kasuwarmu. Ya ce, “Allah gafarta Malam, matsa.” Goni bai ɗaga kai ba. Suka yi cirko-cirko, sannan suka juya.

Da aka fito da mu, na ga babanku a kwance kusa da shinge, mashi ya shige masa cinya. Ɗingishin da ka san shi da shi, wanda kuke cewa kada ne ya kama shi, daga nan ne. Mutanen Bulama na bin waɗanda suka faɗi suna kwashe makamai. Sai ga Bukar. Ya dubi bayana ya ga ba goyo. Ya jefar da mashinsa, ya yage rawaninsa ya ɗaure cinyar, ya durƙusa ya goya babanku. Wani ya ce masa, “Ɗan tawaye kake ɗauka?” Ya ce, “Mijin ƙanwata nake ɗauka.” Haka ya ratsa lakar nan da shi har tsallake, ina biye.

Sauran labarin gajere ne. Da rani Bature ya zo da masu bindiga, ya kira Bulama, ya sa aka nemo Yerima, ya yi musu faɗa kamar yara. Aka bar wa Bulama rawani, aka ba Yerima ƙauyuka ya riƙa tara haraji. Ba a yi shekaru ba Yerima ya auri 'yar Bulama, muka ji kiɗa daga gidajenmu. Goni ya tattara allunansa ya koma Barno, ya ce ba zai iya kwana a wurin ba. Aka sake rufa masallaci, mata suka koma ziyara.

Manya sun shirya, ni ban shirya ba. Babanku da Bukar suka koma noma gona kusa da gona, suna cin goro tare. Ni kuwa in Bukar ya yi sallama sai in shige ɗaka. Na ce wa kaina yana cikin waɗanda suka tsare mu har 'yata ta mutu. Haka ne, yana ciki. Amma abin da ya fi hana ni shi ne in na dube shi sai in ga ƙwaryar nan a kan ruwa. Na haifi yayyenka, na haife ka, duk suna yana aiko da rago, ban taɓa aika masa da godiya ba. Kai kanka ka taɓa tambayata me ya sa ba na zuwa gidan kawu, na ce maka ƙafata ke ciwo.

Sai da ciwon ajali ya kwantar da shi na je. Na tarar ya rame, idanunsa sun shige. Na durƙusa na ce, “Yaya, sannu.”

Ya ce, “Falmata ce? Kin zo.”

Na ce, “Na zo.”

Na shirya maganganu tun daga gida, bai bar ni na fara ba. Ya ce, “Abu ɗaya nake so in tambaye ki, na kasa tambayar mijinki. Ina kuka sa yarinyar?”

Na ce, “A gindin bangon masallaci, ta gabas.”

Can ya ce, “Ta gabas aka tsayar da ni ranar. Ni na miƙa wutar. Ashe a kanta nake tsaye.”

Na ce, “Ba ka sani ba, Yaya.”

Ya ce, “Ban sani ba.”

Na dama masa kunu ya sha kaɗan. Na kwana biyu ina jinyarsa, ya cika. Abin da na samu na wana ke nan bayan tudun, alhali gidansa da nawa ana jin sallama.

Kada ka riƙe gaba a kan rigimar manya, Auta. Su za su shirya su ci abinci akushi ɗaya, ba za su aiko a gaya maka ba. In yaƙin nan ya ƙare, ka bar shi a inda ya ƙare.

Na ga kuma wannan karon kai ne za ka kasance a waje, da kaki da bindiga. Wataƙila wata rana a tsayar da kai a gaban wani gari ko wani ɗakin ibada da ba irin namu ba, a ce maka 'yan tawaye ne a ciki. Za a samu 'yan tawaye. Za a kuma samu matar da ta bi mijinta kawai, da tsohon da ba a tambaye shi ba, da yaran da ba su san sunan sarkin da ake yi dominsa ba. Mai rigimar kuwa sau da yawa ya riga ya fice. Ba ka san abin da ke ƙarƙashin ƙafarka ba. In an ce a miƙa wuta, kada ka yi saurin miƙa hannu. In faɗa ya lafa, ka zama cikin na farkon da za su ajiye makami su ɗauki wanda ya faɗi, ko na wane ɓangare ne.

Ka riƙe salla ko a tsaye ko a zaune. Ka nemi abokin da ba ya yawan magana. In ka sami mai rubutu ka aiko mana da layi biyu, kada ka ce sai ka sami labari mai daɗi.

Yayyenka da matansu suna gaishe ka, yara suna tambaya. Na yafe maka abin da na sani da wanda ban sani ba, kai ma ka yafe mini. Allah ya tsare gabanka da bayanka, damanka da hagunka. Allah ya kare ka daga ƙarfe da ruwa da cuta, ya kare bayinsa daga hannunka. Allah ya sa kada ka ɗauki ran da za ka kasa barci saboda shi. Allah ya yi maka albarka, ya dawo mana da kai lafiya, in ina raye in gan ka, in na riga ka tafiya ka tarar da addu'ata tana jiranka. Amin.

Wassalam. Mahaifiyarka, Falmata.